Damon da ke bayan ɗakinka

Ɗana, jiya bayan azahar na leƙa bayan ɗakinka, na ga damon da ka kamo a gona. Ka sa shi a tsohon akwatin ƙarfe, ka rufe da gilashin taga, ka girke shi a tsakar rana. Da na taɓa ƙarfen sai da na janye hannu. Shi kuwa ya lafe a kusurwa, baki buɗe, maƙogwaro na harbawa. Na ja akwatin zuwa gindin darbejiya kafin ka dawo. Ban ga mugunta a abin da ka yi ba. Ka ji an ce rana yake so, ka ba shi rana. Zauna ka ji sauran zancen.

Damo da guza da ƙadangare jikinsu ba ya yin ɗumin kansa kamar namu, aron zafi suke yi. Ranar da ka shiga Birnin Kudu, ka tsaya da hantsi wajen Dutsen Habude ko Dutsen Mesa, masu zanen mutanen da, ka zuba wa jan gwada ido. Zai hau kan fa ya baje ciki yana gyaɗa kai. Da zafi ya ratsa shi sai ya sulale cikin tsaga, in ya huce ya sake fitowa. Haka yake yini, tsakanin rana da inuwa, shi ke auna wa kansa. Wannan zaɓin ne akwatinka ya hana damo. Ana ce masa sarkin haƙuri, don haka ba za ka ji kukansa ba har ya mutu.

In da gaske riƙe shi za ka yi, gina masa ɗan shinge na bulo mai tsawon mita 2 ko fiye, domin babbansa yakan kusa mita guda. Gefen gabas ya sha hantsi, ka sa faffaɗan dutse a wurin. Ɗaya gefen ka yi masa rumfar zana, da kaskon ruwa, da ƙasa mai zurfin gwiwa wadda zai haƙa rami. Sama kuwa ragar waya za ka sa, ka mayar da gilashin nan inda ka ɗauko shi. A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, masana na kiransa UVB. Da shi fatar damo ke haɗa bitamin D, wanda ke sa ƙashi ya yi ƙwari, gilashi kuma yana tare wannan hasken. In damo ya rasa shi wata da watanni, haɓarsa za ta yi laushi, ƙafafu su karkace, ya koma jan ciki.

Daga Gana da Togo da Benin ana kwasar 'ya'yan damo zuwa Amurka da Turai. Masu kiwonsu a can dole su sayi ƙwan zafi daban, ƙwan UVB daban, su kuma canja na biyun bayan wata 6 zuwa 12 ko da yana ci, saboda ƙarfinsa ya ƙare. Mu a Surko Allah ya hutar da mu. Farin ƙwan solar nan da ka ce za ka rataya masa kuwa, ba ya ba da ko ɗaya daga cikin biyun.

Abin da ya fi damuna shi ne hunturu. Na san tausayinka, daren Disamba zai sa ka kai masa kaskon garwashi ko fitilar kananzir. Don Allah kada ka yi. Gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iska marar wari da take kashe har manyan mutane cikin barci, balle dabbar da hancinta ke ƙasa. Sannan ga haɗarin gobara: ga zana, ga iska, ga rumbunmu a kusa. Kada kuma ka gasa dutse a murhu ka tura masa, don zai kwanta a kai cikinsa ya ƙone kafin ya motsa. Raminsa ya ishe shi, ƙasa tana riƙe ɗumin yini. Ka dai tare masa gefen arewa maso gabas da buhu, inda iskar ke bugowa. In ƙura ta rufe rana kwana da kwanaki har ka ga sai an sa ƙwan zafi, ka rataya shi daga sama a kusurwa guda, bayan raga, inda ba zai taɓa shi ba, ka kashe da magariba. Ka sayi ma'aunin zafi: kan dutsen ya kai digiri 45 zuwa 50, inuwar kada ta wuce 30.

Da rani zai shige rami ya rage ci, kada ka tsorata. Da ruwa ya sauka zai nemi gyare da fara da dodon koɗi. Duk sanda ka taɓa shi ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci.

In ka ga ginin ba zai yiwu kafin Juma'a ba, ka sa shi a buhu ka same ni gobe da hantsi. Na san surin da ka ce a gindinsa ka kama shi, zan raka ka.