Yadda Ƙari Ke Tsirowa a Jikin Ɗan Adam

An gina jikin ɗan Adam ne da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30. Ƙwaya takan hayayyafa ta hanyar rabuwa gida biyu, amma ba da ka take yin haka ba. A cikinta akwai umarnin gado, watau DNA, wanda ke tsara mata lokacin rabuwa da na dakatawa, har ma da lokacin mutuwa.

Ƙari yakan faro ne daga ƙwaya guda wadda umarninta ya sami tangarɗa. Tangarɗa ɗaya ba ta cika isa ba, sai sun taru a kan juna, galibi cikin shekaru masu yawa. Daga nan sai ƙwayar ta yi ta rabuwa babu ƙaƙƙautawa, 'ya'yanta su gaje ta, har su zama dunƙule. Idan dunƙulen ya tsaya wuri ɗaya, shi ne ƙari mai sauƙi. Idan kuwa ya kutsa cikin naman da ke kewaye da shi, ya bi jini zuwa wasu sassa, to, ya zama ciwon daji.

Hanta ta isa misali. A shekarar 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyaɗa daga Barazil. Bincike ya gano wata guba, afalatoksin, wadda funfuna ke fitarwa a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi. A jikin mutum gubar nan takan lalata wani sashe na umarnin gado mai suna p53, wanda aikinsa shi ne tsayar da ƙwaya mai lahani, ko ya sa ta hallaka kanta. A 1991 masana suka iske irin wannan lahani a dajin hantar marasa lafiya daga ƙasar Sin da kudancin Afirka.

Abin ya fi muni ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, domin cutar kan tilasta wa hanta sabunta ƙwayoyinta a kai a kai, kowace rabuwa kuwa kafa ce ta sabon kuskure. Wannan batu ya shafi ƙasar Hausa ƙwarai, inda gyaɗa da masara suke abincin yau da kullum. Shanya amfanin gona har ya bushe sarai kafin a zuba a rumbu, da tsince ƙwayoyin da suka yi funfuna, suna rage gubar. Allurar rigakafin nau'in B kuwa ta shiga jerin alluran jarirai a Nijeriya tun 2004.