Yadda Faci Ke Bin Hannun Wakilai Kafin Ya Shiga Linux

Yawancin wayoyin da fatake ke riƙe da su a kasuwar Mai'adua ran Lahadi, waɗanda su ke aika kuɗin shanu da su zuwa Kano ko Damagaram, irin Android ne. A can cikin kowace akwai wani dogon rubutu na umarni da a ke kira Linux, shi ne ke raba wa sassan waya aiki. Wani ɗalibi, Linus Torvalds, ya fara shi a Helsinki ta ƙasar Finlan a 1991, ya bar shi a fili, kowa na iya karantawa ya kawo gyara. Ɗan gyaran da mutum ya kawo shi a ke kira faci, kamar na taya.

To, abin da kowa ke iya sa wa hannu, ƙaƙa ba ya lalacewa? Hakimi ba zai sha wuyar gane amsar ba, gama shirin ya yi kama da na ƙasarsa. Talaka ba ya ɗaukar maganar gonarsa ya nufi fadar Daura kai tsaye. Sai ya bi ta mai unguwa, daga nan dagaci, sa'an nan hakimi. Haka nan an rarraba Linux sassa-sassa, kowane da wakilinsa, kuma akwai littafi a cikin rubutun kansa mai nuna sunan kowane wakili da iyakar yankinsa.

Mai faci ya kan aika wa wakilin da abin ya shafa, tare da bayanin cutar da maganinta. Doka ce faci ɗaya ya ɗauki magana ɗaya tak, domin in ɓarna ta fito daga baya a san inda za a tona. Sau da yawa a kan mayar masa ya sake, wani har sau biyar ko fiye, ba kuwa a ɗauke shi wulakanci ba. In wakili ya gamsu, sai ya miƙa wa na gaba da shi, har a kai ga Torvalds.

Nan ne inda ya kamata malaman hakimai su lura ƙwarai. Tun 2004 ba a karɓar faci sai marubucinsa ya sa sunansa a ƙasa, yana shaida cewa yana da ikon ba da shi. Wakilin da ya karɓa shi ma ya kan sa nasa ƙarƙashin na fari. Kowane sabon fitowa na ɗauke da faci fiye da 10,000 daga mutum fiye da 1,500, saboda haka Torvalds ba shi da halin karanta su duka. Amanar wakilansa ya ke bi, kamar yadda Sarki ke karɓar takarda don ya san hannun da ya rattaba ta.

Lokaci kuma ƙayyadadde ne. A kan buɗe ƙofa mako biyu a karɓi sabbin ayyuka, sa'an nan a rufe, a yi wajen mako bakwai ana gwaji da gyaran kurakurai kaɗai. Wanda ya makara sai ya jira zagayowa.

An taɓa jarraba wannan amana. Wasu masu bincike na Jami'ar Minnesota a Amurka sun aika da faci mai aibi da gangan, wai su ga ko za a gane, ba su kuwa nemi izinin kowa ba. Da maganar ta tashi a watan Afrilu 2021, Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga manyan wakilai, ya hana karɓar kome daga jami'ar. Da ya ke kowane faci na ɗauke da sunan mai shi, aka zaƙulo fiye da 400 da mutanenta suka taɓa aikowa, aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu aka same su lafiya lau, kaɗan aka gyara ko aka cire, masu binciken kuwa suka rubuto takardar neman gafara.