Darasin Lafiya: Tiyatar Farfaɗiya da Maganar Mantuwa

Darasinmu na wannan fitowar a kan ciwon farfaɗiya ne, musamman tambayar da uwa kan yi idan likita ya ambaci aiki a ƙwaƙwalwa: in an buɗe masa kai, zai gane mu kuwa? Karatunsa zai zube? Ya kamata ki san amsar tun kafin ranar da za a miƙo takarda a ce a sa hannu.

Wa ake yi wa tiyata?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in suna shan magani a kan ƙa'ida. Kin ga ke nan yawancin masu ciwon magani ya ishe su. Likita yana fara zancen tiyata ne idan an gwada magunguna iri biyu da suka dace amma ciwon bai lafa ba, sannan bincike ya nuna wuri guda da yake tasowa. Daga cikin abubuwan da kan bar tabo a ƙwaƙwalwa akwai waɗanda muka sani sarai a Tambuwal da Kebbe: doguwar naƙuda, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau irin wanda ya shigo Jihar Sakkwato a 2017, da buguwar kai a haɗarin kabu-kabu.

Me ya haɗa aikin da mantuwa?

A cikin ƙwaƙwalwa, saitin kunnuwa, akwai wasu 'yan gaɓoɓi biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, sunansu hifokamfus. Ki ɗauke su kamar bakin rumbu: ta nan sabon hatsi ke shiga, amma wanda aka zuba tun bara yana can ciki. A wurin yawancin mutane, na hagu ne ke riƙe kalmomi da sunaye da hadda, na dama kuma ya fi kula da fuskoki da hanya. To, sau da yawa daga wannan sashen farfaɗiyar ke tasowa, shi ne kuma ake cirewa.

A shekarar 1953, a Amurka, wani likita mai suna William Scoville ya cire wa wani saurayi, Henry Molaison, na dama da na hagu duka. Faɗuwar ta ragu, ya san iyayensa, ya kuma tuna ƙuruciyarsa, amma har ya rasu a 2008 sabon abu ba ya zama masa. In kin gaisa da shi kin fita kin dawo, sai ya karɓe ki kamar baƙuwa. Daga kansa likitoci suka ɗauki darasi: gefe ɗaya ake cirewa, shi ma sai an auna an ga ɗaya gefen zai iya ɗaukar nauyin.

Abin da bincike ya nuna

A wani gwaji da aka buga a 2001, wanda aka yi a Kanada da majinyata 80, kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki sun shekara ba su yi farfaɗiya mai gusar da hankali ba. Cikin masu shan magani kaɗai, kashi 8 ne suka samu haka. Wani nazari na 2011 da ya tattara sakamakon asibitoci da dama ya gano cewa kusan kashi 44 na waɗanda aka yi wa aiki a hagu sun samu raguwar riƙe magana, a dama kuwa kashi 20. Galibi abin yakan zo ne da sigar laluben suna, ko manta saƙo, ko wahalar sabuwar hadda. Manta uwa ko miji ba ya cikin abin da aka saba gani. Wanda kansa ke ja sosai kafin aiki shi ya fi fuskantar raguwa.

Kada kuma ki manta, ita kanta farfaɗiyar da ta ƙi jin magani tana cin ƙwaƙwalwa a hankali, ga haɗarin faɗawa wuta ko rijiya. Wasu ma bayan ciwon ya tsaya sai hankalinsu ya ƙara tattaruwa.

Abin da za ki yi

1. Ki fara da babban asibitin da ke kusa da ke, ki nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware.

2. Ki ajiye littafi kina rubuta ranar kowace faɗuwa da yadda ta faro. In da hali a ɗauki hoton bidiyo da waya.

3. Ke da maigida ku tambayi likita: wane gefe za a taɓa? Me hoton MRI da gwajin EEG suka nuna? An auna ƙarfin riƙonsa kafin aiki? Babu kunya a cikin wannan.

4. Bayan aiki a ci gaba da shan magani har sai likita ya ce a rage. Yanke shi farat ɗaya yana tayar da ciwon.

5. A gida ki riƙa ba shi saƙo ɗaya-ɗaya, ki maimaita ba tare da tsawa ba. Kayansa su samu wuri guda, ya samu isasshen barci. Ki sanar da malamansa na boko da na Islamiyya, don kada a ɗauki mantuwar a matsayin wasa da karatu a kai ga duka.

In kuwa 'yarki ce matar aure, ku zauna da mijinta da danginsa tun kafin aiki, a yi musu bayani, don kada mantuwar gishiri a miya ta zama abin gori a gidanta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.