Kuɗin waya ba ya tuƙa tuwo

A tsofaffin unguwannin Kano, Katsina da Damagaram akwai gidajen da a da ake ɗora babbar tukunya, yau tsohuwa ɗaya ce ta rage a ciki. 'Ya'ya sun watsu Abuja da Legas neman na kansu. Ƙarshen wata a turo 'yan kuɗi ta waya, a ɗauka an sauke nauyi.

Da sauran aiki. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi, har a tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Tsohon manomi ko maƙeri kuwa ba shi da fansho.

Amma ba tsada kaɗai ba ce. Mai ciwon gwiwa ba ta kai kanta kasuwa, balle ta durƙusa gaban murhu. Wanda haƙoransa suka zube ya haƙura da nama, ya koma koko da shayi, ciki ya cika jiki na zagwanyewa. Sha'awar abinci da jin ƙishirwa suna raguwa da shekaru, ci a kaɗaice kuma yana ƙarasa kashe su. Ga uwa uba kunya: dattijon da ya ciyar da gida tsawon rayuwarsa ba zai ce bai ci ba. "Alhamdu lillahi, na ƙoshi," shi ke nan.

Don haka tambayar "Baba, an ci abinci?" ba ta gano komai. A tambaya me aka ci jiya da dare, a leƙa madafa a ga ko tokar ta kwana biyu. A lura da zoben da ya fara sulluɓewa. Likitoci na ɗaukar ramar da ta kai kashi 5 cikin ɗari na nauyin jiki a wata shida zuwa shekara, ba da niyya ba, a matsayin dalilin zuwa asibiti. Mai shan maganin ciwon suga da ke tsallake abinci kuwa, sugansa na iya faɗuwa har ya suma.

Abin da tsoho ke buƙata shi ne mai laushi, mai gina jiki, kaɗan-kaɗan sau da yawa: alale, faten wake, kunun gyaɗa, fura da nono, dafaffen ƙwai, miyar zogale da dakakken busasshen kifi.

Sannan a raba kuɗin da ake turowa biyu. A ba amintacciyar maƙwabciya wani kaso ta riƙa zuba kwano ɗaya daga girkinta, kamar yadda ake ciyayya a da, jika ko ɗan maƙwabta ya kai ya zauna a ci tare. Inda babu mai turowa, mai unguwa da liman su kai sunan tsohon ga hukumar zakka, irin ta Kano ko ta Sakkwato, domin waɗannan tsofaffi ba za su je layi da ƙafarsu ba.