Daga Boycott zuwa Ƙauracewa: Asalin Kalma da Abin da Fassara ta Sauya

Tsakure

Muƙalar ta bi diddigin kalmar Ingilishi boycott tun daga gonakin da aka haife ta, sannan ta auna ta da "ƙauracewa", wadda kafofin yaɗa labarai na Hausa suka tsayar a matsayin fassararta. An tarar cewa kalmomin biyu sun dace wajen nuna ƙin mu'amala, amma sun saɓa a kan wanda yake barin wuri.

1.0 Asalin kalmar

Boycott sunan mutum ne kafin ya zama aikatau. Kyaftin Charles Cunningham Boycott, wanda ya rayu daga 1832 zuwa 1897, Baturen Ingila ne kuma tsohon soja. Shi ne wakilin wani mai ƙasa, Lord Erne, a gundumar Mayo da ke yammacin Ailan. Manoman wurin ba su mallaki gonakin da suke nomawa ba, haya suke biya. Da amfanin gona ya ƙi, sai suka nemi a rage musu kashi 25 cikin ɗari na kuɗin hayar, mai ƙasa ya tsaya a kan kashi 10. A watan Satumba na 1880 aka fitar da takardun korar magidanta 11.

A ranar 19 ga wannan watan ne Charles Stewart Parnell, jagoran ƙungiyar kare manoma 'yan haya, ya shawarci jama'a a garin Ennis da kada su taɓa lafiyar wanda ya karɓi gonar da aka kori wani daga cikinta, su dai juya masa baya a hanya da kasuwa da wurin ibada. A kan Boycott aka fara gwada dabarar. 'Yan ƙwadago suka bar masa gona, maƙeri da mai wanki suka ƙi aikinsa, masu kantuna a garin Ballinrobe suka ƙi sayar masa da kaya. Sai da aka kawo 'yan sa-kai kimanin 50 daga arewa suka yi masa girbi, sojoji da 'yan sanda kusan 1,000 suna gadinsu, kuɗin tsaron kuwa ya ninka darajar amfanin sau da yawa. A ranar 1 ga Disamba 1880 Boycott ya bar Ailan.

Ɗan jaridar Amurka James Redpath ya ruwaito cewa wani limamin coci, John O'Malley, shi ya ba da shawarar a kira abin da sunan mutumin, domin kalmar ostracise ta yi wa manoma nauyi a baki. Ke nan kalmar ta talakawa ce tun daga tushe.

2.0 Yadda Hausa ta karɓe ta

Faransanci ya ari kalmar ya ce boycotter, Jamusanci ya ce boykottieren. Hausa, wadda ba ta ƙyamar aro a fagen siyasa, ga su kamfe da kansila da ciyaman, a nan ba ta ara ba. Ta koma rumbunta ta ɗauko "ƙaura", aka ƙara mata ɗafa-ƙeya, ganɗantawa ta mayar da /t/ zuwa /c/ a gaban wasalin /e/, aka sami "ƙaurace". Wannan siga ta aji na huɗu ce a tsarin azuzuwan aikatau na F. W. Parsons, ajin da kan nuna cikar aiki ko rabuwa, kamar yadda ake gani a "guje" da "kauce". Saboda haka tana neman "wa" kafin karɓau: an ƙaurace wa zaɓe, sun ƙaurace wa taro. Abin takaici, kanun labarai da yawa kan haɗe su su rubuta "sun ƙauracewa zaɓe", alhali "ƙauracewa" a haɗe suna ne ɗan aikatau, ba ya ɗaukar karɓau a bayansa.

3.0 Wane ne yake tashi?

A nan ne fassarar ta juya hoton. A Mayo manoma ba su gusa daga gonakinsu ba, wakilin mai ƙasa ne ya tattara ya tafi. A "ƙaurace" kuwa, mai ƙorafin ne yake ɗaure kaya. Ina ganin wannan ba kuskuren masu fassara ba ne, tarihi ne ya yi magana ta bakinsu. Turjiyar da Bahaushe ya fi sani ta ƙafa ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya nufi gabas da jama'arsa bayan faɗuwar Sakkwato a 1903, har aka tsayar da su a Burmi. Talakan da haraji ko jangali ya yi wa nauyi ya kan tashi ya koma ƙasar wani hakimi, dagacin da ya bari kuwa ya san lissafinsa ya ragu. Hatta "yajin aiki" daga cikin gida aka ɗauko shi, daga matar da ta yi fushi ta tafi gidan iyayenta har sai an je biko. Manyan kalmomin turjiyar zamani guda biyu duk a kan barin gida aka gina su.

Amma abin da aka yi wa Boycott ba baƙo ba ne a karkarar Hausa, sunansa ne daban. A ɗauki ƙasa irin ta Tsanyawa, a arewacin Jihar Kano, inda gona take jingine da gona, kusan kowace gadon wani ce, kamar ƙasar da Michael Mortimore ya yi nazari a kewayen birnin Kano. A irin wannan wuri ƙaura tana da tsada, domin wanda ya bar gonarsa ba lalle ya sami wata ba. Makamin da ya rage a hannun jama'a shi ne janye hannu. Mutum ya kira gayya a ƙi zuwa, ya yi suna a bar masa tabarmi babu kowa, ya nemi aron garma ko jaki a ce an riga shi. Da damina, lokacin da ciyawa ba ta jiran kowa, wannan hukunci ne mai ciwo. Hausa tana cewa an mayar da shi saniyar ware. Wannan, a ganina, ita ce ta fi kusa da boycott na 1880: jama'a suna nan, mutum ɗaya ne aka fitar daga garke.

4.0 Amfani da kalmar a yau

Ingilishi da kansa ya faɗaɗa ma'anar daga mutum zuwa kaya da zaɓe da wasanni, kuma a nan "ƙaurace" ta zauna daram. Lokacin da gamayyar UPGA, wadda NEPU take cikinta, ta ƙi shiga zaɓen tarayya na 30 ga Disamba 1964, akwai wurin da aka ƙi zuwa, wato rumfar zaɓe, don haka hoton nisanta ya yi daidai.

Batun rigakafin shan-inna ya fi wuya. Rubuce-rubucen Ingilishi suna kiran abin da ya faru a Kano daga 2003 zuwa Yulin 2004 boycott, amma abubuwa biyu ne a ciki. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau dakatar da shirin ta yi, iyaye kuma ƙin fito da 'ya'yansu suka yi, alhali ma'aikatan ne suke bi gida-gida. Babu wanda ya ƙaura, babu rumfar da aka guje wa. Mai fassarar da ya sa "ƙauracewa" ga duka biyun ya ɓoye wa mai karatu bambancin umarnin hukuma da shawarar magidanci a ƙofar zaurensa, bambancin da mai nazarin wancan zamani yake bukata, tun da ƙin da wasu iyaye suke yi bai ƙare ranar da gwamnati ta janye dakatarwar ba.