Injin Bel da Shafe Fuskar Ƙarfe: Gyaran Yana Bayan Bel Ɗin

Wani ƙanena mai walda a Sama Road, nan Sakkwato, ya nuna mini wani ɗan faranti na ƙarfe da ya yini yana gogewa da injin bel ɗin da ya haɗa da hannunsa. Yana ƙyalli kamar madubi, amma da muka ɗora shi kan gilashi sai ya kama rawa. Ya ce, "Yaya, ko bel ɗin ne na banza?" Na ce bel ba shi da laifi. Shi ci kawai ya iya; abin da ke tokare da bayansa ne ke ba ƙarfe siffa.

Saboda haka fara da farantin da bel ke bi ta kansa. Cire bel, ka kara rular ƙarfe a kansa, ka duba ta hasken rana. In haske ya ratsa tsakiya, ya riga ya yi kwarmi, kuma duk abin da ka goga a kai zai fito da tozo. In haka ne, samo ƙarfe mai kaurin milimita 10 ko fiye, a shafe maka shi wajen masu injin yankan ƙarfe, ka ɗaura da noti, kada ka yi masa walda, don zafinta zai karkata shi. Ya ɗan turo gaban tayoyin bel ɗin da milimita 1 zuwa 2, yadda bel zai kwanta masa lif. Wasu na manna gilashi mai jure zafi a fuskarsa don ya fi jinkirin cinyewa; in za ka yi haka, sa ɗan matokari a ƙasa ko da gam zai saki. Gilashin taga kam fashewa zai yi.

Ja bel ya yi tauri. Sako-sakon bel yana tattaruwa a gaban aiki ya cinye gefuna.

Sai riƙo, inda na fi ganin ana kuskure. Yatsu ba sa danna ƙarfe bai ɗaya, ga ƙuna. Maganaɗisun tsohuwar sifika da ka yi wa mariƙi ya wadatar ga ƙananan ayyuka. Wanda ke son abin da ya fi haka, ya jera maganaɗisu a kan ƙarfen da ke zamewa bisa miƙaƙƙiyar hanya a ƙarƙashin tayar bel, ya sa kusa mai zare da za ta riƙa matso da aikin. Kusar M6 tana tafiyar milimita 1 a kowane zagaye, to kashi ɗaya cikin goma na zagayen ma ya yi wa wucewa guda yawa. Rabin haka ya fi. Ka lura, maganaɗisu mai ƙarfi yana miƙar da siririn ƙarfe na ɗan lokaci, kana cirewa ya koma lanƙwasarsa. Cusa 'yar takarda a ƙarƙashin inda ya ɗaga kafin ka fara.

Zazzana fuskar ƙarfen da alƙalamin maka, ka goga sau biyu, ka duba. Inda tawada ta rage, nan ne kwari. Ci gaba da bel mai lamba 36 ko 60 har ta ɓace gaba ɗaya, sannan ka koma 120. Kada ka yi rowar sabon bel: dakusasshe zafi yake haifarwa, ba ci ba. Mu da bazara ke kai mu sama da digiri 40 a watan Afrilu, bokitin ruwa dole ne a gefe. In ƙarfe ya yi shuɗi, ya kai wajen digiri 300, kuma in mai tauri ne kamar wuƙa, ya rasa taurinsa a wurin. In kana da zaɓi, inji mai juyi 1,400 a minti ya fi mai 2,800 sauƙin sarrafawa a wannan aiki.

Ƙarasa da hannu: shimfiɗa samfefa a kan gilashi mai kauri, ka riƙa juya ƙarfen kamar kana rubuta lamba 8.

Ina roƙonka, in an kawo maka kan silindar mota, kada ka karɓa. Wannan aikin injin musamman ne. Sa tabarau da takunkumi, kawar da galan ɗin man janareto daga inda tartsatsi ke sauka, kuma share ƙurar alminiyam tas kafin ka goga baƙin ƙarfe, domin haɗuwarsu na iya tayar da wuta mai wuyar kashewa.