Gwada Ma'aunin Zafin Nama Kafin a Dogara da Shi

Ya ku mahauta da masu gasa balangu na Durba da kewayen Kibiya da Rano, ku sani cewa ma'aunin zafi tamkar mizani ne, wanda in ya karkace, to, hukuncinsa ma ya karkace, alhali lafiyar mai ci amana ce a wuyanku.

Hanyar tantance shi kuwa mai sauƙi ce: a cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, a ƙara ruwa kaɗan, a tsoma tsinken ma'aunin ba tare da ya taɓa gindin kofin ba, a dakata har allurar ta natsu, in sahihi ne, sifiri zai nuna. In ya saɓa, sai a murɗa notin da ke ƙarƙashin fuskarsa da filaya har ya daidaita.

Wanda ya gwada da tafasasshen ruwa kuma, kada ya tuhumi ma'auninsa don ya ga digiri 98, domin ƙasar Kano tudu ce, ruwa ba ya kai 100 kafin ya tafasa. Bayan an tantance ma'aunin, a soka shi a tsokar kaza mafi kauri, nesa da ƙashi, kada a sauke ta daga wuta sai ta kai digiri 74.